Aradu: jirgin yaƙin da aka ƙera don a riƙa sauya masa gaɓoɓi

Jirgin yaƙi mafi shahara a tarihin Rundunar Sojin Ruwa ta Najeriya sunan Hausa ne da shi: Aradu, wato tsawar nan da mutanen da ke rantsuwa da ita. Kamfanin Blohm + Voss ne ya ƙera shi a Hamburg ta Jamus ta Yamma. An fara aikin a 1978, lokacin da kuɗin man fetur ke malala, aka saukar da shi ruwa a 1980, ya kama aiki a 1982.

Tsawonsa ya ɗan haura mita 125. Injina iri biyu aka ɗora masa: na dizal ƙirar MTU domin doguwar tafiya cikin tsimin mai, da na Rolls-Royce Olympus domin gudu idan ta ɓaci. Sai dai ba a nan darajarsa take ba. Aradu ne jirgi na farko da aka gina bisa tsarin MEKO, inda ake harhaɗa bindiga da makamai masu linzami da na'urori cikin akwatuna masu awo ɗaya, a zura kowanne a gurbinsa. In ɗaya ya tsufa, a ciro shi a sa sabo ba tare da an farke jirgin ba. Ajantina ma ta sayi ire-irensa huɗu.

Dabarar ba ta da aibu, amma tana da sharaɗi: dole mai jirgi ya ci gaba da samun kuɗin sayen sabon akwati. Duk wanda ya san masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa ya san wannan sharaɗi. Injinansu na waje ne, kayan gyaransu na waje ne. Da darajar naira ta zube bayan shirin SAP na 1986, sai ƙaramin ƙarfe guda ya isa ya tsayar da injin saƙa. Abin da ya ci masaƙun Kano shi ya ci Aradu, ga kuma haɗurra: a 1987 kaɗai sau biyu yana kafewa a tudu, ya kuma yi karo.

Ya shafe shekaru a ɗaure a Legas. An lallaɓa shi ya isa Ingila a 2005 domin bikin cika shekara 200 da yaƙin Trafalgar, sannan Brazil a 2007. A 2023 aka ba kamfanin Dearsan na Turkiyya kwangilar sabunta shi, yana da shekara 41 a bakin aiki.