Sunan Dillali a Cikin Ƙunshi: Zinariyar Zamfara da Manufofin Ciniki na Gwamnati

Gabatarwa



Da aka nemi in yi lacca a kan manufofin gwamnati game da cinikin ƙasa da ƙasa da kare haƙƙin mai saye, sai da na yi jim, domin ni malamin Hausa ne, ba masanin tattalin arziki ba. Amma da na duba sai na ga harshen da nake koyarwa cike yake da kalmomin wannan fanni: mudu da tiya da sikeli, dillali da la'ada, algus da ha'inci da tauye awo. Al'ummar da ta tanadi waɗannan kalmomi ba baƙuwa ba ce ga zancen. Saboda haka zan ɗauki misali guda, watau cinikin zinariya a ƙasashen Anka da Gummi da Bukkuyum, a yammacin Jihar Zamfara, in bi tarihinsa. Abin da nake son nunawa shi ne, duk hajar da ta bar hannun mai ita ba tare da suna a jikinta ba, ranar da ta yi ɓarna ba a samun wanda za a kama.

Kasuwa kafin zuwan Turawa

Anka tsohon gari ne mai tarihi. Bayan da Gobirawa suka ci Birnin Zamfara a tsakiyar ƙarni na 18, sarakunan Zamfara sun yi ta ƙaura daga wannan wuri zuwa wancan, har suka zauna a Anka a farkon ƙarni na 19. Ƙasar kuwa hanyar fatake ce, domin ayarin masu nufin Gwanja neman goro kan ratsa ta, su biya ta kasuwar Jega, kafin su tsallaka Kwara. A irin wannan fatauci babu takardar banki, babu kwastan irin na yau. Jarin kowa amana ce. Madugu ya san maigidan da zai sauke shi, maigida ya san dillali, dillali ya san mai kaya, a kansu duka kuma ga sarkin kasuwa da alƙali. Malaman jihadi sun ƙarfafa wannan tsari da aikin muhtasibi, wanda ke duba mudu da sikeli, yana hana algus.

Kyaftin Clapperton, Baturen Ingila da ya ziyarci Kano a shekarar 1824, ya ba da labarin wata al'ada ta kasuwar birnin wadda ta ba shi mamaki. A cikin kowane ƙunshi na riga ko turkuɗi akan sa sunan dillalin da aka yi ciniki ta hannunsa. Idan aka kai kayan Barno ko wata ƙasa mai nisa, aka kwance aka tarar ba su kai ingancin da aka faɗa ba, sai a mayar da su Kano, dillali ya nemo mai kaya, dole ya mayar da kuɗi. Ku lura da kyau: wannan ciniki ne tsakanin ƙasa da ƙasa, kuma kare mai saye ne, shekara ɗari biyu da suka wuce. Sirrinsa kuwa ƙaramin abu ne, watau suna a cikin ƙunshi.

Zamanin mulkin mallaka da bayansa

Turawa sun zo da nasu tsarin awo da bincike, amma ya kamata mu tambaya, wa aka yi shi domin ya kare? Jirgin ƙasa ya isa Gusau da Ƙauran Namoda a 1929, kuma auduga da gyaɗar ƙasar Zamfara suka riƙa gangarawa teku. An kafa kasuwannin auduga, an sa malamai masu tantance kaya, wannan lamba ɗaya, wannan lamba biyu. A 1949 aka kafa hukumomin cinikin gyaɗa da na auduga, su ke yanke farashi. Wanda wannan bincike ya kare shi ne mai masaƙa a Ingila, kada a aika masa auduga mai datti. Manomin Gummi bai da wurin kai ƙara idan an tauye masa awo, sai dai ya haɗiye.

Ta fuskar ma'adinai kuwa, dokokin Turawa sun mallaka wa gwamnati duk abin da ke ƙarƙashin ƙasa, kuma har yau a kan wannan muke. Sashe na 44 na Tsarin Mulkin 1999 ya danƙa ma'adinai duka ga Gwamnatin Tarayya, haka ma Dokar Ma'adinai ta 2007. Ma'ana, gona ta manomi ce, dutsen da ke cikinta na Abuja ne. Hakimi da shugaban ƙaramar hukuma, waɗanda su ne ke ganin ramin da idonsu, ba su da ikon ba da lasisi.

A 1986, a ƙarƙashin shirin gyaran tattalin arziki na gwamnatin Janar Babangida, aka rushe hukumomin cinikin amfanin gona. A 1995 Nijeriya ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya. Atamfofi da yadudduka na waje suka cika kasuwa, wasu ta ƙofa wasu ta taga, masaƙun Kaduna da Kano da Gusau suka yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya. Manomin da a da auduga ke yi masa kuɗin aure da na sutura, sai ya wayi gari rani ya yi masa tsawo, hannu babu komai.

A wannan zamani ne kuma aka kafa hukumomin kare mai saye: hukumar tabbatar da ingancin kayayyaki tun 1971, Majalisar Kare Masu Saye a 1992, da hukumar NAFDAC a 1993, wadda ta biyo bayan mutuwar yara fiye da ɗari a 1990 saboda gurɓataccen maganin zazzaɓi. Duk ayyuka ne masu kyau. Sai dai idonsu yana kan kayan da ke shigowa da waɗanda ke kan kanta a birni. Kayan da ke fita daga ƙauye ɗanye, da rayukan waɗanda ke fitar da su, babu hukumar da ta ɗauke su nata.

Abin da ya faru a 2010

A shekarar 2001 ozar zinariya, watau kimanin giram 31, ba ta kai dala 300 ba a kasuwar duniya. Bayan karyewar bankunan Amurka da Turai a 2008, masu kuɗi suka ruga suna ɓoye dukiyarsu a zinariya, farashi ya haura dala 1,200 a 2010, ya kusa 1,900 a watan Satumba na 2011. Mutumin Dareta bai taɓa jin sunan waɗannan bankuna ba, amma ya ga baƙi sun zo da ƙaramin sikeli da kuɗi a hannu, suna sayen abin da ke cikin duwatsun dajinsu. Wa zai ga laifinsa?

Aikin kuwa ga yadda yake. A haƙo dutse daga rami, a kawo shi gari a buhuna, a farfasa, a niƙa shi a inji irin na niƙan hatsi ko a daka a turmi, a wanke garin da ruwa, a zuba zaiba ta kama zinariyar, sa'an nan a ƙona zaibar ta tashi. Da yake mata na cikin gida su ma suna neman na kansu, sai daka da shanya suka koma tsakar gida. Abin da ba wanda ya gaya musu shi ne, dutsen wannan yanki cike yake da dalma. Ƙurarsa ta bi ƙasa da bango da kwanon abinci, yaro mai rarrafe kuwa duk abin da ya taɓa baki yake kai shi.

A watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitocin agaji ta MSF, waɗanda ke yawon sa ido a kan sanƙarau, suka lura yara na mutuwa ba adadi a wasu ƙauyuka, da amai da jijjiga da suma, kuma maganin zazzaɓin cizon sauro ba ya yi musu komai. Gwajin jini ya nuna gubar dalma ce. Binciken da aka yi tare da Cibiyar Yaƙi da Cututtuka ta Amurka a Dareta ta ƙasar Anka da 'Yargalma ta ƙasar Bukkuyum ya gano cewa kashi ɗaya cikin huɗu na yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun rasu a cikin shekara guda. A wasu wurare dalmar da ke cikin ƙasa ta wuce kashi 100,000 cikin miliyan, alhali iyakar da Amurka ta sa wa filin wasan yara a lokacin 400 ce. Annobar ta shafi Abare da Sunke da Duza da Tungar Daji da Tungar Guru da Bagega. Yara fiye da 400 suka mutu, dubbai suka kamu, waɗansu suka rayu da makanta ko taɓuwar ƙwaƙwalwa.

An buɗe wuraren jinya a Anka da Bukkuyum, sarakuna da hakimai suka taimaka aka fitar da niƙan dutse daga cikin gari, aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa. Dole sai an yi wannan kankara kafin magani, domin yaron da aka wanke wa jini ya koma gida mai guba, aikin banza aka yi. Bagega, wadda ta fi sauran girma, ta jira har farkon 2013 kafin Gwamnatin Tarayya ta saki kuɗin aikin, kimanin dala miliyan 4, bayan matasa da ƙungiyoyi sun yi ta kururuwa. A 2015 irin wannan masifa ta sake aukuwa a Shikira ta Jihar Neja.

To, ina zinariyar ta tafi? Wa ya saye ta? Wa ya shigo da zaibar? A nan tarihi ya yi shiru, domin babu suna a cikin ƙunshi. Hausawa sun riga sun faɗa: kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Shekarar 2019 da manufofinta huɗu

A shekara guda Gwamnatin Tarayya ta ɗauki matakai huɗu da suka shafi zancenmu. A farkonta aka sa hannu a kan sabuwar dokar gasar ciniki da kare mai saye, wadda ta kafa hukumar FCCPC a madadin majalisar 1992. A watan Afrilu aka haramta haƙar ma'adinai a Zamfara baki ɗaya, bisa dalilin cewa tana ciyar da 'yan bindiga. A watan Yuli, a Yamai, Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan yarjejeniyar ciniki maras shinge ta Afirka. A watan Agusta kuma aka rufe iyakokin ƙasa, ba a buɗe Illela da Maigatari ba sai Disamba 2020.

Kowane mataki yana da hujjarsa, amma idan aka jera su sai a ga hannun dama na buɗe ƙofa, na hagu na rufewa. Rufe iyaka kan tare tirelar shinkafa. Zinariyar miliyoyin naira kuwa a aljihun riga take wucewa. Haramci ya kori mai lasisi da ma'aikacin gwamnati daga daji, ya bar ramin ga mai bindiga. Gwamnati da kanta ta ɗage haramcin a Disamba 2024, bayan fiye da shekara biyar. Ba mu kaɗai ke cikin wannan hali ba: ƙungiyar Swissaid ta ƙiyasta cewa a 2022 kaɗai an yi fasa-ƙwaurin zinariya aƙalla tan 435 daga Afirka, mafi yawanta zuwa Dubai. Da zarar an narkar da ita a can, ta Bagega da ta kowace ƙasa sun zama ɗaya.

Lokacin da nake karatu a Ingila na ga yadda kowane zoben zinariya ke ɗauke da ɗan hatimi na ofishin awo, al'adar da dokarsu ta kafa tun shekarar 1300. Hatimin yana tabbatar wa amarya cewa ba a yi mata algus ba. Amma bai faɗa mata daga wane rami zinariyar ta fito ba, balle yaro nawa aka binne a gefensa. Kariya ta taru a ƙarshen hanya, inda kuɗi yake. Farkon hanya an bar shi fayau.

Abin yi

Akwai alamar an fara gane bakin zaren. A 2018 Nijeriya ta amince da yarjejeniyar Minamata ta rage amfani da zaiba. A Yuli 2020 aka gabatar wa Shugaban Ƙasa sandar zinariya mai nauyin kilo 12.5, wadda Babban Banki ya saya a kan naira miliyan 268, a ƙarƙashin shirin sayen zinariya daga ƙananan mahaƙa. Amma sanda ɗaya a Abuja ba ta sauya komai a tsakar gidan Sunke ba.

Shawarata uku ce. Ta farko, a kafa wuraren saye masu lasisi a Anka da Gummi da Bukkuyum, kusa da ramuka, da sikeli mai hatimi da farashin ranar a rubuce a allo. In gwamnati ba ta biya kusa da farashin duniya nan take ba, ɗan fasa-ƙwauri zai riga ta. Ta biyu, kowane ƙunshi ya ɗauki sunan rami da na ƙungiyar mahaƙa da na dillali, kuma wannan sharaɗi ya shiga yarjejeniyar cinikinmu da ƙasashen da ke saye, yadda aka yi wa lu'ulu'u tun 2003. Ta uku, a faɗaɗa ma'anar mai saye. Mahaƙin da ya sayi zaiba ba gargaɗi a jikin kwalba mai saye ne, matar da ta kai hatsi injin da aka niƙa dutse da shi ita ma mai saye ce. Gargaɗin kuwa a yi shi da Hausa, da boko da ajami, a rediyo da masallaci da kasuwa, a kuma riƙa niƙa da ruwa a bayan gari, ana gwada jinin yara a kai a kai.

Kammalawa

Ɗalibai, gobe ku ne a kujerun kwastan da ma'aikatun ciniki da na ma'adinai. Idan takardar izinin fitar da kaya ta zo teburinku, ku yi tambayar da sarkin kasuwar Kano zai yi a 1824: wane ne dillali, kuma ina mai kaya? Iyayen Dareta da 'Yargalma sun biya farashin rashin wannan tambaya da 'ya'yansu. Allah ya jiƙan waɗannan yara, ya ba iyayensu haƙuri, mu kuma ya ba mu ikon riƙe amana.