Zoben da Ake Ƙerawa Inda Babu Iska

A shekarar 1861, masanin Faransa Louis Pasteur ya ɗiga wani ruwa mai tsami a kan gilashi, ya leƙa ta madubin ƙara girman abu. Ƙwayoyin bakteriyar da ke tsakiyar ɗigon suna ta kai da komo, na gefe kuwa, inda iska ke taɓa su, sun yi tsit. Nan ya gane akwai halittun da iskar oksijin take zame wa guba. Babu wanda ya yi zaton jinin ɗan Adam yana da wata alaƙa da su.

A wancan zamani akwai wani mugun ƙarancin jini da ya gagari likitocin Turai. Mai shi yakan ɗashe, ƙafafunsa su riƙa mutuwa, bayan ’yan shekaru sai kabari. Sai a 1926 George Minot da William Murphy na birnin Boston suka nuna cewa ciyar da majiyyaci hanta mai yawa kullum, kusan ɗanya, yana tayar da shi. Magani ne mai tayar da zuciya, amma wanda ya hango mutuwa ba ya tsantsami. An yi shekara ashirin da biyu ana farautar abin da ke cikin hantar, kafin a ware shi a 1948, jajayen ƙwayoyi kamar gishiri. Shi ne bitamin B12.

Siffarsa kuwa Dorothy Hodgkin ta Jami’ar Oksfod ce ta bayyana ta a 1956: ƙananan zobba huɗu sun haɗu sun zama babban zobe, ƙwayar ƙarfen kobalt na zaune a tsakiya kamar dutsen zobe. Tana ƙasar Gana, inda mijinta ke aiki, labarin lambar Nobel ya iske ta a 1964.

To, wa ya ƙera zoben? Ba tsiro ba ne, ba kuma dabba ba. Ƙananan halittu masu ƙwaya ɗaya kaɗai ke da wannan sana’a, kuma da yawansu zuriyar waɗanda Pasteur ya gani ce, masu gudun iska. Sukan fara da guntayen wani ƙaramin sinadari guda takwas, su haɗa su biyu-biyu su sami ƙananan zobba huɗu, sannan su ɗaure su wuri guda. Daga wannan tushe ne jan jini da koren ganye su ma suka fito. Amma a nan sai bakteriyar ta dasa kobalt tun da wuri, sa’annan ta zare ƙwayar kabon ɗaya domin zoben ya tsuke ya riƙe ƙarfen gam. ’Yan uwanta masu shaƙar iska sai can gaba suke sa kobalt ɗin. Matakan sun kai kimanin talatin.

A ganina, ba a san girman wannan aiki ba sai da mutum ya gwada. Robert Woodward a Amurka da Albert Eschenmoser a Suwizalan, tare da mataimaka kusan ɗari, sun haura shekara goma kafin su kammala haɗa shi a 1972. Har yau masana’antu ba su bi hanyarsu ba. Bakteriya suke kiwo a manyan tankuna.

Tumbin saniya ma irin wannan tanki ne, duhu, ɗumi, babu iska. A can bakteriya ke ɗaukar kobalt daga ciyawa su ƙera zoben, jikin saniyar ya tsotse shi ya adana a hanta, irin hantar da Minot ya riƙa ɗura wa majiyyatansa.