Kara da Gaskiya a Zaure Ɗaya: Yadda Mumini da Mulhidi Suke Magana da Juna

Duk wanda ya yi karatun zaure a ƙasar Hausa ya san Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani, mai Risala, wanda ya rasu a shekarar 996 Miladiyya. Akwai wani labari nasa da malamin Andalus, al-Humaidi, ya kawo a littafinsa Jazwatul Muƙtabis, wanda ba a cika jin sa a zaurukanmu ba. Wani fakihi mai suna Abu Umar Ibn Sa'adi ya dawo daga Bagadaza, sai Ibn Abi Zaid ya tambaye shi ko ya halarci majalisun masu ilmin kalami. Ya amsa cewa sau biyu ya je, bai ƙara komawa ba. Ya tarar da majalisa cike da Musulmi na kowane ɓangare, ga Yahudu, ga Nasara, ga Majusawa, ga dahriyya waɗanda ba su yarda da Mahalicci ba. Kowace ƙungiya da shugabanta, kuma duk shugaban da ya shigo sai kowa ya miƙe har ya zauna. Da wuri ya cika, sai ɗaya daga cikin waɗanda ba Musulmi ba ya gindaya sharaɗi: kada Musulmi su kafa musu hujja da Alƙur'ani ko hadisi, tunda ba su yarda da su ba; hujjar hankali kaɗai za a yi aiki da ita. Kowa ya amince. Ibn Abi Zaid ya ji wannan, ransa ya ɓaci ƙwarai, ya ga cewa martabar Musulunci ta zube.

Masu nazarin zamani sukan kawo wannan labari don yabon Bagadaza da sakin fuskarta, su ɗauki malaman biyu a matsayin masu ƙunci. Ni ina ganin an yi musu gaggawar hukunci. Sharaɗin nan yana da ma'ana, domin ba a tabbatar wa mutum abu da shaidar da tun farko ya ƙi. Amma a duba wanda ya biya kuɗinsa. An nemi fakihin ya tuɓe a bakin ƙofa abin da rayuwarsa take tsaye a kai, kamar yadda ake tuɓe takalmi, shi kuwa badahrin ya shiga da kayansa cif, bai ajiye komai ba. Ƙa'idar da ake kira ta adalci ta fi yi wa ɗaya nauyi. Abin da wannan maƙala take son nunawa ke nan: tsamin da ke shiga tsakanin mai imani da marar imani yakan fara tun kafin a furta kalma mai zafi, daga tambayar wa zai ajiye me kafin a zauna, da kuma wa zai yi asara in zancen ya ɓaci. Iya magana da bai lura da waɗannan ba, fenti ne kawai.

A wurinmu yau lissafin ya juya. Wanda ake nema ya ajiye kayansa a bakin ƙofa shi ne mai shakka. Ana iya zama da shi, a ci a sha, muddin bai faɗi abin da ke ransa ba. Al'adarmu tana da kayan aikin irin wannan zama: kara, kawaici, alkunya. A nazarinsa na 1974 kan mutumin kirki a wurin Bahaushe, Anthony Kirk-Greene ya lissafa gaskiya da kunya cikin siffofi goma na mutumin kirki, tare da amana da haƙuri da mutunci da sauransu. A yawancin al'amura siffofin nan suna tafiya tare. A wannan magana kuwa biyun farko suna ja-in-ja. Gaskiya tana cewa faɗi, kunya tana cewa bari.

Mun daɗe muna zaune da Maguzawa, ana cin kasuwa ɗaya, ana noma gefe da gefe, har da barkwanci. To amma Bamaguje bai musanta samuwar Allah ba, kuma an san gidansa da asalinsa. Mulhidin zamani daban ne. Galibi ɗan gida ne, ya yi makarantar allo, wataƙila ya yi sauka, ya san amsoshin da za a ba shi tun kafin a buɗe baki. Saboda haka zance da shi ba ya tsayawa a kan samuwar Ubangiji. Nan take ya gangaro zuwa ridda, da aure, da gado, da wa zai sallaci gawar wa. Kalmomin da muke da su ma ba su taimaka ba. Arne da kafiri a bakin titi zagi ne. Mulhidi kalmar littafi ce da ta fito fili da zuwan Facebook, ta fito kuwa a fagen da babu dattijon da zai ce a yi haƙuri, babu kwanon da aka ci tare jiya.

Wata rana bayan lacca wani ɗalibi ya biyo ni ofis. Ya tura ƙofa ta rufu, abin da ɗalibai ba su saba yi ba, ya zauna a bakin kujera yana murza hularsa. Ya ce, "Malam, in mutum ya daina ganin hujja, amma yana bin sahu don kada ran mahaifiyarsa ya ɓaci, munafuki ne?" Ban ɗaga murya ba, ban ɓata fuska ba. Cikin taushin murya na ce, "Su wa kake saurare a waya? Ko akwai abin da ke damunka a gida?" Ya yi shiru kaɗan, ya sa hularsa, ya ce, "Na gode, Malam." Bai sake dawowa da maganar ba. Na daɗe kafin na gane laifina. Ya kawo mini tambaya, ni kuma na mai da shi majinyaci. Na nemi sanadin da ya sa yake tunanin, na ƙi taɓa tunanin kansa. Lafazina mai laushi ne, amma saƙon da ya isa gare shi shi ne hankalinsa bai kai a amsa masa ba.

Wannan shi ne rashin ladabin da ya fi yawa a ɓangarorin biyu, kuma shi ne wanda ba a cika ganewa ba. Mumini yakan ce wa mulhidi: son zuciya ne, shaiɗan ne, boko ne ya ruɗe ka, Turawa ne suka saye ka. Mulhidi yakan rama: tsoron mutuwa ne, gadon iyaye ne, da a wata ƙasa aka haife ka da wani abin kake bauta wa. Kowanne ya hau kujerar likita ya kwantar da ɗan'uwansa a gado. Ko da akwai ƙamshin gaskiya a wasu daga cikin zarge-zargen, ba sa warware komai, domin sanin dalilin da ya kai mutum ga ra'ayi ba ya nuna ra'ayin daidai ne ko kuskure.

Tarihin Musulunci yana da misalin wata hanya. A garin Rayyu, kusa da Tehran ta yau, an yi muƙabala a farkon ƙarni na 10 tsakanin shahararren likita Abubakar al-Razi, mai littafin al-Hawi, da malamin Isma'iliyya Abu Hatim al-Razi. Likitan ya yarda da Mahalicci, amma bisa ruwayar abokin muƙabalarsa ya musanta annabci. Hujjarsa ita ce: me zai sa Mai hikima ya keɓe wasu mutane da shiriya, alhali hakan yana haifar da gaba da zubar da jini, maimakon ya ba kowa sani daidai? Abu Hatim ya mayar masa da cewa mutane ba su taɓa zama ɗaya a fahimta ba, kowane fanni yana da malami da ɗalibi, shi kansa likitan a hannun magabata ya koyi likitanci. A littafinsa A'alamun Nubuwwa, Abu Hatim yana kiran abokin nasa mulhidi, bai saya masa ba. Duk da haka ya rubuta hujjojinsa, ya bi su ɗaya bayan ɗaya, har ya zama yawancin abin da aka sani yau na ra'ayin likitan kan annabci ta hannun wanda ya yi masa raddi aka same shi. A ma'aunina wannan ya fi murmushin da na yi wa ɗalibina girmamawa.

An sake ganin irin haka a Masar a 1937, lokacin da Isma'il Adham na Iskandariyya ya fitar da ɗan littafi yana bayyana dalilin da ya sa ya zama mulhidi. Ahmad Zaki Abu Shadi ya amsa da bayanin dalilin imaninsa, Muhammad Farid Wajdi, editan mujallar al-Azhar, shi ma ya amsa da alƙalami, hujja bayan hujja.

Wani zai ce duk wannan sassauci ne a addini. Malamai sun riga sun bambance mudara da mudahana. Ta farko tausasa mu'amala ce ba tare da an taɓa aƙida ba, har Bukhari ya ware mata babi a Sahihinsa. Ta biyu ita ce sayar da aƙida don neman yardar mutane. Abu Hatim bai rage ko ƙwayar zarra daga imaninsa ba. Aya ta 44 a Suratu Ɗaha ta nuna an umarci Annabi Musa da Haruna su yi wa Fir'auna magana mai laushi, aya ta 108 a Suratul An'am kuma ta hana zagin abin da wasu suke bauta wa, don kada su rama da zagin Allah. Hikimar da ke cikin aya ta biyun ta shafi kowa: zagi yana haifar da zagi, kuma wanda ya fara yana da kaso a abin da ya biyo baya.

A nan ne nake da magana da ɗaya ɓangaren. Da yawa daga cikin matasan da suka bar addini suna ɗaukar izgili a matsayin jarumta. Ba su lura cewa ga Musulmi, Annabi (SAW) ya wuce matsayin ra'ayi da ake muhawara a kansa. Masoyi ne da ake fifita shi a kan uwa da uba. Wanda ya ce bai gamsu da hujjar annabci ba ya buɗe zance. Wanda ya yi ba'a ya rufe shi, ya kuma jawo wa na bayansa, masu shakka a ɓoye, ƙarin tsoro. Baki shi ke yanka wuya.

Sai dai ba zan daidaita nauyin biyu ba, domin hatsarin ba ɗaya ba ne. Labarin Mubarak Bala sananne ne. A 2014, bayan ya bayyana barin Musulunci, danginsa suka kai shi sashen masu taɓin hankali na wani asibiti a Kano. A watan Afrilun 2020 aka kama shi a Kaduna kan rubuce-rubucensa na Facebook, waɗanda suka ƙona ran Musulmi da dama. A watan Afrilun 2022 babbar kotun jihar Kano ta yanke masa shekara 24 bayan ya amsa tuhumar, kotun ɗaukaka ƙara ta rage zuwa 5 a 2024. Ba shari'ar nake son tattaunawa ba. Matakin farko nake so a duba, na 2014, tun kafin rubutun da aka kai kotu: abin da ni na yi da lafazi a ofis, an yi shi da gado da allura. Kowane matashi mai shakka a Arewa ya san wannan labari. In ya zauna gabanka ya yi shiru, kada ka ɗauka ka rinjaye shi. Muhawarar da ɗaya zai iya rasa gardama, ɗaya kuma zai iya rasa uwa da mata da 'yanci, ba a kan tabarma ɗaya ake yin ta ba. Shi ya sa nake ganin kaso mafi girma na kara yana wuyan wanda ya fi ƙarfi a wurin. A Bagadazan Ibn Sa'adi da wasu jami'o'in Turai na yau, mai imani ne ke jin an tsarge shi. A Kano da Sakkwato da Zinder, mu ne masu gida.

Akwai mai gidan da ya gane wannan. Carlo Maria Martini, babban limamin Katolika na Milan a Italiya, ya buɗe wani zama a 1987 inda yake gayyatar marasa imani su hau kujera su yi bayani, shi da mabiyansa suna saurare. Daga baya, a 1995 da 1996, ya yi musayar wasiƙu a wata mujalla da marubuci Umberto Eco, wanda ya bar coci tun yana saurayi. Eco ya fara da neman afuwar kiran sa da sunansa ba tare da laƙabi ba, ya bayyana cewa girmamawa yake nufi. Da aka zo zagayen ƙarshe Martini ya yi tambaya mai wuya: a kan me marar imani yake kafa ɗabi'arsa, har ya yarda ya mutu don abin da yake ganin daidai ne? Ya yi ta ne don yana son ya ji amsar, Eco kuma ya amsa da gaske, ya kafa jawabinsa a kan haƙƙin ɗan'uwanka mutum da yadda idonsa yake sa ka san kanka. Babu wanda ya sauya matsayi. Amma kowanne ya tashi ya san ainihin abin da ɗayan yake cewa, wanda shi ne abin da yawancin gardandaminmu suke kasa kaiwa.

Kirana ga malaman zaure da na jami'a, da iyaye da yayye, shi ne wannan. In irin yaron nan ya rufe ƙofa ya zauna gabanku, ku tambaye shi hujjarsa kafin ku tambaye shi abokansa. Ku amsa abin da kuka iya, ku nemo masa wanda ya fi ku sani a kan sauran, kuma ku riƙe maganar amana, kada ta riga shi isa gida. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, kuma yaron da ya kawo muku shakkarsa da ƙafarsa bai gama yanke ƙauna daga gare ku ba.