Malami da Almajiri a Fagen Nazarin Shari'ar Gargajiya: Waiwaye Daga Kudancin Zazzau

Duk wanda ya taɓa zama a kotun Jere ko ta Kafanchan ya san cewa ƙarar aure da ta gona ba su cika tsayawa inda littafi ya tsaya ba. A Jere kaɗai akwai Bagware da Bakoro da Bafillace da Bahaushe, kowa da abin da ya gada game da sadaki da gado da iyakar gona. Sanin waɗannan ƙa'idoji, waɗanda yawancinsu ba a rubuce suke ba, fanni ne na ilimi mai zaman kansa, wato nazarin shari'a ta fuskar al'adun al'umma, kuma ba a ƙwarewa a cikinsa sai a hannun wani. Abin da muke son mu waiwaya a wannan maƙala shi ne yadda aka reni ɗaya daga cikin waɗanda suka fara wannan aiki a ƙasarmu, da abin da renon ya haifar, da kuma inda ya gaza.

Mutumin shi ne M. G. Smith, wanda aka haifa a Kingston ta ƙasar Jamaika a 1921. Bari mu yi hanzarin cewa ba shi ne Abdullahi Smith na Sashen Tarihi a Jami'ar Ahmadu Bello ba, domin ɗalibai kan haɗa su. Wannan Smith ɗin mawaƙi ne tun yana saurayi, ya yi aikin soja a rundunar Kanada lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sannan ya zauna a Landan, inda ya faɗa hannun Farfesa Daryll Forde na Kwalejin Jami'a ta Landan. Shi kuwa Forde ba baƙon Nijeriya ba ne, don ya yi bincike a cikin Yakurr na yankin Kuros Riba a 1935 da 1939, kuma tun 1944 shi ke riƙe da Cibiyar Nazarin Afirka ta Ƙasa da Ƙasa, tare da mujallarta mai suna Africa.

A 1949 aka turo Smith lardin Zazzau da kuɗin majalisar binciken zamantakewa ta Ofishin Mulkin Mallaka. Ainihin aikinsa shi ne tattalin arzikin Hausawa, to amma a 1950 ya gangaro kudu ya zauna cikin Kadara, waɗanda ke kiran kansu Adara, da kuma Kagoro, a gindin dutsen nan da ke kusa da Kafanchan. Kafin zuwansa C. K. Meek ya riga ya yi rubutu a kan Katab da maƙwabtansu a littafinsa na 1931, sai dai shi Meek jami'in gwamnati ne mai rangadi, yana tambaya yana wucewa. Horon da Forde ya yi wa almajirinsa dabam ne: a zauna, a ƙirga gidaje, a bi salsalar kowane mutum, a tambayi kowace mace aure nawa ta yi da kuma inda ta yi su.

Wannan haƙuri ne ya fito da abin da ya kira aure na biyu. A al'adar waɗannan al'ummomi ta wancan zamani, mace na iya barin gidan mijinta na fari ta tare a gidan wani, ba tare da igiyar farko ta tsinke ba, kuma tana iya komowa. Wanda ya hango abin daga nesa sai ya ce ai wannan rashin tsari ne. Hasali ma tsari ne mai tsauri, domin an san dangin da aure ya haramta a tsakaninsu, an san waɗanda ake ba juna 'yan mata, an kuma san waɗanda ya halatta a ɗauko matar aure daga cikinsu. Wanda ya ƙetare wannan iyaka ya jawo wa danginsa fitina. To, a ɗauka irin wannan magana ta zo gaban alƙalin da ya tashi da Risala da Muhtasar, wanda a wurinsa aure ba ya ƙarewa sai da saki ko mutuwa, sannan idda. Da wane suna zai kira auren na biyu? Ɗan da aka haifa kuma na wane ne? Kagoro tana da sarautarta da ba ta ƙarƙashin Zazzau, amma Kadara a ƙarƙashin Zazzau suke, saboda haka tambayar ba ta takarda ba ce kurum, ta shafi 'ya'ya da dukiyar mutane.

A nan ne amfanin malami ya fito fili. Smith ya kammala digirinsa na uku a 1951. A 1953 maƙalarsa kan aure na biyu ta fito a mujallar da malaminsa ke shiryawa. A 1954 littafin matarsa Mary, wato Baba of Karo, ya fito da gabatarwar Forde. Ita ce ta shiga gidajen kulle inda namiji ba ya shiga, ta rubuta labarin Baba daga bakinta. A 1960 kuma cibiyar da Forde ke shugabanta ta ɗauki nauyin buga Government in Zazzau. Wato malamin bai tsaya ga karantarwa ba, ya buɗe ƙofa, ya sa sunansa a gaba don a saurari almajirin. Daga baya Smith ya yi rubutu kan gadon Hausawa a 1965, kuma a 1969 shi ya gaji kujerar malamin nasa a Landan.

Sai dai fa akwai gyara. Wannan silsila daga Landan ta taso, a Landan ta ƙare. Dattawan Kagoro da na Kadara da suka ba da ilimin, da tafintocin da suka yi jigilar maganar, ba su ne aka rena su zama masana ba. Ko da bayanin sarautar Haɓe da ke cikin littafin Zazzau, daga Malam Hassan Sarkin Ruwan Abuja aka samo shi, amma mutum nawa ne ke kiran sunansa idan ana zancen littafin? Rahoton Kagoro kansa bai isa hannun masu karatu na gida sosai ba sai a 1975, da Sashen Nazarin Zamantakewa na Jami'ar Ahmadu Bello ya buga shi, shekara 25 bayan an tattara bayanan.

Silsilar gida ta ɓullo ne ta wata ƙofa. An buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, kuma ɗaya Smith ɗin, wato Abdullahi, ya yaye ɗalibai irin su Yusufu Bala Usman, wanda ya kammala nasa digiri na uku kan Katsina a 1974, ya kuma soki M. G. Smith da cewa ya matse tarihi cikin ƙabilanci na Haɓe da Fulani. A ganinmu sukar tana da ƙarfi, kuma ba ta rage darajar aikin Kagoro ba. To amma wannan reno a fagen tarihi aka yi shi. Ɓangaren shari'a da ke Kongo ya fi mai da hankali ga horar da alƙalai da lauyoyi a kan rubutacciyar doka da fiƙihu, sai nazarin shari'ar gargajiya ya zama maraya tsakanin sassa biyu, kowa na ganin na ɗan'uwansa ne.

A 2001 gwamnatin Jihar Kaduna, zamanin Gwamna Ahmed Makarfi, ta maye gurbin kotunan yanki da kotunan shari'ar Musulunci da na gargajiya. Tun daga lokacin alƙalin kotun gargajiya yake hukunci da al'adar da dole sai an tabbatar masa da ita, alhali Kiristanci da Musulunci da boko sun sauya ta ƙwarai daga yadda Smith ya same ta. Ɗalibin Jere ko Kagarko da ke son ya rubuta kundinsa kan yadda Gwari ke rabon gona a yau zai sami littattafan da zai karanta. Abin da zai sha wuyar samu shi ne malamin da zai bi shi ƙauye, ya zauna tare da shi a bayan kotu ranar zama, ya nuna masa yadda ake tambayar tsohuwa zancen aurenta ba tare da an ci mata fuska ba, sannan ya karanta abin da ya rubuto layi-layi kafin a kai shi gaban masu jarrabawa.