Sayen tsohuwar Sprinter ko mota mai ɗaki a Accra: abin da za ka duba kafin ka biya

A tashoshin trotro na Nima da Maamobi, da kan hanyar Accra zuwa Kumasi, da wuya ka ɗaga ido ba ka ga Mercedes Sprinter ba. Kusan dukkansu sun gama wani aiki a Turai ko Amurka kafin a sauke su a tashar jiragen ruwa ta Tema. Wasu kaya suka yi ta ɗauka, wasu fasinja, kaɗan kuma motoci ne masu ɗaki, wato masu gado da murhu da wurin wanka, waɗanda masu jin Faransanci ke kira camping-car. A ido duk kamarsu ɗaya, amma aikin da aka ƙera kowacce ta yi ya bambanta, kuma a nan ne kuɗin mai saye ke tsira ko ya salwanta.

Daga ina suke zuwa

Kamfanin Mercedes-Benz ya fara fitar da Sprinter a 1995, ta maye gurbin motar da 'yan Ghana ke kira "207". Samfuri na biyu ya fito a 2006, na uku a 2018. A Amurka an sayar da ita da sunan Dodge da Freightliner ma, don haka ganin wani tambari a goshinta ba ya nufin jabu ce.

Rahoton hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna cewa daga 2015 zuwa 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14, kuma Afirka ce ta karɓi kaso mafi tsoka. Dokokin hayaƙi a biranen Turai na ƙara matse tsofaffin injinan dizal, shi ya sa masu su ke rabuwa da su. Daga Amurka kuwa, da yawa na fitowa ne daga gwanjon motocin da suka yi hatsari ko ambaliya ta shanye.

Takardu kafin inji

Fara da lambar shasi. Haruffa da alƙaluma 17 ne, kuma babu I ko O ko Q a cikinsu. Ka karanta ta a jikin ƙarfen motar da idonka, sannan ka gwada da wadda ke cikin takardar kwastam da ta rajista. In ka ga alamar goge ko walda ko sabon fenti a wurin, ka haƙura da cinikin komai arahar motar.

Na biyu shi ne duti. Tun 2020 kwastam na hukumar tattara haraji ta GRA ke aiki da tsarin kwamfuta mai suna ICUMS, kuma da lambar shasi ake gano ko an biya. Akwai motocin da ke shigowa ta iyakar Aflao da izinin zama na ɗan lokaci, sai a sayar da su ba a biya komai ba. Ranar da aka kama irin wannan mota, wanda take hannunsa ne ke kwana ciki.

Na uku, shekarun mota. Wadda ta haura shekara 10 da ƙerawa tana biyan tara a kan duti. A 2020 majalisar dokokin Ghana ta yi doka mai lamba 1014 da ta hana shigo da irin waɗannan da kuma waɗanda suka yi mummunan hatsari, amma gwamnati ta dakatar da aiki da haramcin kafin ya soma. Saboda haka mai yin oda daga waje ya tambayi kwastam matsayin da ake ciki kafin a loda motar a jirgi. Lura kuma: alƙaluma biyu da ke ƙarshen lambar mota tun 2009 shekarar rajista a Ghana suke nunawa. Mota mai "19" a lambarta tana iya zama ƙirar 2008.

Na huɗu, sitiyari. Ghana ta koma tuƙi a hannun dama a watan Agusta 1974, kuma doka ta hana shigo da mota mai sitiyari a dama sai da izini na musamman. Motoci masu ɗaki da ke fitowa daga Ingila galibi irin wannan ne, kuma mayar da sitiyari aiki ne da ke taɓa birki da wayoyin mota baki ɗaya.

Sai batun sata. A Disamba 2022 hukumar EOCO mai yaƙi da laifukan kuɗi ta kwashe motoci daga wuraren sayarwa a Accra, bisa zargin an sato su daga Amurka da Kanada. Rasidin dillali ba ya hana a karɓe motar sata.

Ta kaya ce ko ta fasinja

Lambar da ke bayan Sprinter tana da ma'ana. A 313, alal misali, 3 na farko na nufin nauyin mota da duk abin da ke cikinta kada ya wuce kimanin tan 3.5, 13 kuma ƙarfin inji ne, wajen doki 130. Mai lamba 515 ko 516 tana kai tan 5, kuma galibi tayoyinta na baya bibbiyu ne.

Yawancin waɗanda ke aikin trotro motocin kaya ne da aka yanka wa tagogi aka jera wa kujeru a gareji irin na Kokompe a Accra ko Suame Magazine a Kumasi. Yi lissafi da kanka: fasinja 20 masu nauyin kilo 70 kowanne sun kai kilo 1,400, ban da kujerun ƙarfe da kayan da aka ɗaure a baya. Birki da taya ba su san an ƙara kujera ba. Dokar hanya ta 2012, wato L.I. 2180, ta buƙaci amincewar DVLA, hukumar lasisin tuƙi da rajistar motoci, kafin a sauya fasalin mota. Duba ko yawan kujerun da ke cikin takarda ya yi daidai da na cikin motar, ka leƙa ƙasa ka ga yadda aka ɗaure su. Kujerar da aka ɗiga wa walda a kan siririn ƙarfen daɓe tana tsinkewa a karon farko.

Gwajin jiki da inji

Je da bakanikenka, kada ka dogara da na mai sayarwa. Ku isa da sassafe, ka taɓa injin ka tabbatar da sanyinsa kafin a tayar, domin injin da ya yi zafi yana ɓoye wahalar tashi. Shuɗin hayaƙi alama ce ta cin baƙin mai, farin da ba ya yankewa kuma yakan nuna ruwa na shiga inji.

Tsatsa ce babbar cutar tsofaffin Sprinter. Gishirin da ake zubawa a titunan Turai lokacin ƙanƙara ne ke shuka ta, iskar teku ta Accra kuma ta ƙarasa aikin. Shiga ƙarƙashi da tocila, ka duba bakin ƙofofi da saman tayoyi. Ɗan maganaɗisu ba ya kama wurin da aka cike da ƙullun gyaran bodi. Laka a ƙarƙashin kafet ko warin ruma na nuna motar ta sha ambaliya.

Kada ka gaskata kilomitan da agogo ya nuna shi kaɗai, domin ana mayar da shi baya. Gwada shi da yadda sitiyari da feda da kujerar direba suka goge. A sa na'urar bincike a kwamfutar motar, musamman sababbin samfura masu matatar hayaƙi da ruwan AdBlue, waɗanda gyaransu ke da tsada. Kafin ka yanke shawara, zaga kasuwar kayan gyara ta Abossey Okai, kusa da Sabon Zongo, ka ji farashin inji da giya na wannan samfurin.

In mai ɗaki ce

A nan ɗanshi ne abin tsoro. Ruwa na shiga ta bakin tagar rufi da mahaɗar bango, ya ruɓar da katakon ciki shekara da shekaru ba a gani ba. Danna bango da daɓe da yatsa, ka buɗe kowace durowa ka sansana. Gyaran ruɓaɓɓen bango na iya fin kuɗin inji.

Wutar motocin Turai bolt 230 ce, daidai da ta Ghana, amma ta Amurka 120 ce, sai da taransifoma. Batir da waya da inbata ana samunsu a shagunan lantarki na Zongo Lane, sai dai a bar haɗin ga ƙwararre. Kan tukunyar gas ta Turai ba lallai ya dace da ta gida ba, kuma tsohuwar tiyo a ɗakin da ake kwana hatsari ce. A canja ta, kada kuma a toshe ramukan shan iska.

Bayan an daidaita

Kada ka cika kuɗi sai kun sauya sunan mallaka a DVLA, domin motar da ke ɗauke da sunan wani ba taka ba ce a gaban doka, ko da limami da mai unguwa sun shaida cinikin. Motar haya lambarta rawaya ce, ana gwada lafiyarta duk wata 6, ta gida kuma sau ɗaya a shekara. Lasisin B na ƙananan motoci ne, bas na buƙatar C ko sama. Ana tabbatar da ingancin inshora ta waya da *920*57#, tsarin da hukumar inshora ta ƙasa ta kawo a 2020.

Mai niyyar ketare iyaka zuwa Lome ko Kwatano zai buƙaci katin inshorar ECOWAS mai ruwan ƙasa, wanda aka kafa da yarjejeniyar 1982. Nijar da Burkina Faso da Mali sun fice daga ƙungiyar a Janairu 2025, don haka wanda zai bi ta Paga ya nufi Yamai ya sa kamfanin inshora ya rubuta masa ƙasashen da katinsa ya ƙunsa.

A ƙarshe, ware wani kaso na jarinka don taya da birki da baƙin mai na watannin farko. Wanda ya zuba duk abin da ya mallaka a farashin saye, ƙaramin gyara na iya ajiye masa motar a ƙofar gida har damina ta wuce.