Mulhidi da Tambayar Addini: Wa Ke Amsawa, Kuma Yaya Ake Muƙabala?

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, ɗalibai kan tarar da kansu a fada, ko a ɗakin kwana na jami'a, an jefo tambayar addini, sai wanda ya ce shi bai yarda akwai Allah ba ya riga kowa amsawa. Wasu su ce a rufe masa baki, tunda ba addininsa ba ne. Wasu kuma su saki baki suna sauraro, har su tashi da shakka a zuci. Mun tattara abin da malamai suka yi bayani a kan wannan mas'ala, domin kowa ya san inda ake saurare, da inda ake ƙin karɓa, da yadda ake magana ba tare da zagi ba.

Ma'anar kalmomin

Ilhadi a asalin Larabci shi ne karkata daga hanya, shi ya sa ake kiran ramin da ake karkatarwa a gefen kabari lahadu. A yau idan an ce mulhidi ana nufin wanda ya musanta samuwar Mahalicci. A littattafan da kuwa kalmar ta fi haka faɗi. An kira likitan nan Abubakar Arrazi, wanda ya rasu a 313 bayan hijira (925), mulhidi saboda abin da aka ruwaito daga gare shi na musun annabci, alhali ya yarda akwai Allah. Masu musun Mahalicci kai tsaye su ake kira Dahriyya, wato masu cewa duniya ba ta da farko, shuɗewar zamani kawai ke kashe mutane. Alƙur'ani ya kawo maganarsu a Suratul Jasiya aya ta 24, ya ce zato suke bi. Saboda haka kafin a fara gardama da mutum, a san me yake musu: Allah ne, ko annabci, ko wani hukunci guda.

Munazara, wadda muke kira muƙabala, ita ce mutum biyu su dubi mas'ala ɗaya don gaskiya ta bayyana. Musu kuwa, wanda malamai ke kira mira'i, shi ne jayayya don a kayar da abokin magana. Ta farko an yarda da ita bisa sharuɗɗa, na biyu an hana shi.

Tambayar addini iri uku ce

Yawancin rigimar da ake yi ta samo asali ne daga haɗa abubuwa uku wuri guda.

Na farko, tambayar labari. Misali: a wace shekara aka yi yaƙin Badar? Surori nawa ne a Alƙur'ani? Me Malikiyya suka ce a kan kaza? Wannan iri ana iya bincika amsarsa a littafi, don haka abin dubawa shi ne ko mai amsawa ya sani kuma ya faɗi gaskiya. Bukhari ya kawo, a farkon Sahihinsa, labarin Hiraƙla sarkin Rum da Abu Sufyan a lokacin sulhun Hudaibiyya. A ranar Abu Sufyan bai musulunta ba, shi ne ma jagoran masu yaƙar Annabi (SAW). Hiraƙla ya tambaye shi nasabar Annabi, da halinsa, da mabiyansa, da abin da yake umurni da shi, ya kuma zaunar da abokan tafiyarsa a bayansa don su ƙaryata shi idan ya yi ƙarya. Abu Sufyan ya faɗi gaskiya, kuma daga baya ya ce kunyar a kama shi da ƙarya ce ta hana shi. A nan akwai darasi biyu: maƙiyi na iya faɗin gaskiya, kuma mai hankali yakan tanadi hanyar tantancewa.

Malaman zamani ma sun yi aiki da wannan. Babban fihirisan lafuzzan hadisi, Almu'ujamul Mufahras, Turawa masu nazarin Gabas ne suka haɗa shi a ƙarƙashin Wensinck, ɗan ƙasar Holan, aka fara buga shi a birnin Leiden a 1936. Malam Muhammad Fu'ad Abdulbaƙi na Masar ya fassara wani fihirisan na Wensinck zuwa Larabci da sunan Miftahu Kunuzis Sunna. Malaman hadisi sun amfana da su, domin fihirisa nuni kawai take yi, mai karatu ya koma asalin littafi ya gani da idonsa.

Na biyu, tambayar hukunci. Sallata ta yi ko ba ta yi ba? Sakin nan ya auku? Yaya za a raba gādon nan? Wannan fatawa ce, kuma fatawa ba da labari ne a kan hukuncin Allah wanda mai tambaya zai bauta wa Allah da shi. Malaman usulu sun sharɗanta wa mai fatawa Musulunci da adalci da ilimi. Suratun Nahli aya ta 43 ta tura wanda bai sani ba zuwa ga ma'abota sani, kuma Muslim ya ruwaito a gabatarwar Sahihinsa gargaɗin Ibn Sirin cewa ilimin nan addini ne, a duba wurin wanda ake ɗaukarsa. A nan mulhidi ba shi da gurbi, ko da ya haddace Risala da Muhtasar. Wannan ba wulaƙanci ba ne gare shi. Sharaɗin ya hau kan Musulmin da bai yi karatu ba shi ma, kuma da yawa daga cikin masu hana mulhidi magana su ne kan gaba wajen ba da fatawar da ba su da iliminta. Suratul Isra'i aya ta 36 da mu take magana tun kafin ta kai ga wani.

Na uku, tambayar asalin imani. Shin akwai Mahalicci? Me ya sa ake wahala a duniya? Mene ne dalilin annabci? A nan mulhidi shi ne abokin maganar, ba a kuwa yin muƙabala da wanda aka hana buɗe baki. Alƙur'ani da kansa ya kawo maganganun masu musu kafin ya amsa su, ya kuma ba da labarin jayayyar Annabi Ibrahim (AS) da sarkin zamaninsa a Suratul Baƙara aya ta 258.

Majalisar Bagadaza da damuwar mai Risala

Alhumaidi, wanda ya rasu a 488 bayan hijira, ya kawo wani labari a littafinsa Jazwatul Muƙtabis. Wani malamin Andalus, Ahmad Ibn Sa'adi, ya je Bagadaza a ƙarni na huɗu na hijira, daga baya ya haɗu da Ibn Abi Zaid Alƙairawani, mai Risalar nan da ake karantawa a zaurukanmu. Ibn Abi Zaid ya tambaye shi ko ya halarci majalisun masu ilimin kalam. Ya ce sau biyu ya je bai sake komawa ba. Ya tarar an taru: Musulmi na ƙungiyoyi dabam-dabam, da Yahudawa, da Nasara, da Majusawa, da Dahriyya, kowace ƙungiya da shugabanta, idan shugaba ya shigo kowa ya miƙe. Sai wani daga cikin waɗanda ba Musulmi ba ya sa sharaɗi cewa kada a kafa musu hujja da Alƙur'ani ko hadisi, tunda ba su yarda da su ba, a tsaya ga hujjar hankali. Aka amince. Ibn Abi Zaid ya yi mamaki ƙwarai, ya ga wannan zubar da alfarmar Musulunci ne. A cikin Risala ma ya lissafa barin musu da jayayya a addini cikin tafarkin magabata, kamar yadda aka san Imamu Malik da ƙin jayayya.

Wasu malaman sun bi wata hanyar. Ibn Abil Izz ya kawo a sharhin Ɗahawiyya cewa Imamu Abu Hanifa ya tambayi masu jayayya ko jirgi zai iya ɗora wa kansa kaya a kogin Dijla, ya tafi, ya dawo, ya sauke, ba matuƙi. Da suka ce ba ya yiwuwa, sai ya ce to ina ga duniya gaba ɗaya. Bai jawo musu aya ba, ya yi musu magana da abin da suka yarda da shi.

Imamu Gazali, wanda ya rasu a 505 (1111), ya daidaita tsakanin hanyoyin biyu a littafinsa Almunƙiz minad Dalal. Ya ambaci cewa Imamu Ahmad ya zargi Harisul Muhasibi da yin raddi ga Mu'utazila, domin mai raddi sai ya fara kawo shubuhar, wataƙila ta maƙale a zuciyar mai karatu, amsar ba ta shige shi ba. Gazali ya ce wannan daidai ne ga shubuhar da ba ta yaɗu ba, amma wadda ta riga ta bazu amsa ta wajibi ce. A zamanin da shubuha ke shiga wayar yaro kafin ta kai kunnen limami, mun fi kusa da hali na biyu. Sai dai tsoron Ibn Abi Zaid yana nan: ba kowa ke shiga wannan fage ba.

Ƙa'idojin muƙabala

Malamai sun mai da wannan fanni guda mai suna Adabul Bahsi wal Munazara. Shamsuddin Assamarƙandi ne ya shahara da tsara shi a ƙarshen ƙarni na bakwai na hijira, kuma Shaihu Muhammadul Amin Asshanƙiɗi, mai tafsirin Adwa'ul Bayan, ya rubuta littafi a kansa don ɗaliban Jami'ar Musulunci ta Madina. Ga muhimman ƙa'idojin:

1. A fayyace wurin saɓani tun farko, kada a yi ta tsalle daga mas'ala zuwa mas'ala.

2. Wanda ya ciro magana daga wani wuri ya tabbatar da ingancinta, wanda ya yi da'awa ya kawo dalili. Wannan ya hau kan kowa. Mai cewa babu Allah shi ma da'awa ya yi.

3. A fahimci maganar abokin muƙabala kafin a rushe ta. Gazali sai da ya rubuta Maƙasidul Falasifa, inda ya bayyana ra'ayin masana falsafa yadda yake, ya kuma rubuta Tahafut don rushe abin da ya saɓa wa addini a ciki.

4. Kada a musanta gaskiya don ta fito daga bakin abokin gaba. Gazali ya yi kuka da masoyin addini jahili da ke ƙaryata lissafin husufin rana da wata da sunan kare Musulunci, sai wanda ya san lissafin ya ɗauka addinin a kan jahilci aka gina shi.

5. Idan ba a san amsa ba, a ce ba a sani ba. Imamu Malik bai ji kunyar faɗin haka ba a gaban wanda ya zo masa daga nesa.

Ladabi da iyaka

Suratun Nahli aya ta 125 ta yi umurni da yin jayayya ta hanya mafi kyau. Suratul An'am aya ta 108 ta hana zagin abin da wasu ke bauta wa, don kada su rama da zagin Allah. Annabi Musa da Haruna (AS) an umurce su da tausasa magana ga Fir'auna, a Suratu Ɗaha aya ta 44. Mu ba mu kai su daraja ba, abokin maganarmu kuma bai kai Fir'auna ɓarna ba. A cikin Ihya'u, Gazali ya lissafa cututtukan da muƙabala ke haifarwa: hassada, girman kai, ƙullata, gulma, riya, da ƙin karɓar gaskiya. Ya kwatanta mai muƙabala na gari da wanda dabbarsa ta ɓata, bai damu da hannun wanda za a same ta ba.

Akwai kuma bambanci tsakanin mai tambaya da mai izgili. Yaron da ya zo da shakka yana neman amsa, idan aka kore shi da tsawa zai kai tambayarsa inda za a tarbe shi da fara'a. Amma idan zama ya koma isgilanci ga Allah da ayoyinsa, Suratun Nisa'i aya ta 140 da Suratul An'am aya ta 68 sun nuna abin yi: a tashi har sai an canja magana. Tashi aka ce, ba zagi ko duka ko tara jama'a a kan mutum ba. Hukunci aikin hukuma ne, ba na taron fada ba.

Abin da muke nema daga mulhidi shi ne abin da muke ɗora wa kanmu: ya bayyana matsayinsa kada ya yi shigar malami, ya faɗi abin da Musulmi suka yi imani da shi yadda yake, ya bambanta labari da ra'ayinsa, ya kuma bar fatawa ga ma'abotanta. Ɗalibin da bai ƙware ba kuwa, ya rubuta tambayar da ta gagare shi ya kai wa malaminsa, ya dawo da amsa gobe.

Allah ne mafi sani. Muna roƙonsa ya tabbatar da zukatanmu, ya gyara harsunanmu.