Akori-kura da Kunnen Bakanike a Ƙasar Gaya

Kafin mota ta zama ruwan dare a Kademi da sauran ƙauyukan Gaya da Ajingi, jaki da amalanke ne ke fitar da gero da dawa da gyaɗa zuwa kasuwa. Layin dogo ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta yi daraja, daga baya manyan motoci suka biyo. Amma babbar mota sai babbar hanya. Wadda ta iya kutsawa cikin yashi har bakin rumbu ita ce akori-kura.

Zamaninta ya kankama ne bayan da kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kakuri, Kaduna, a 1975. Da 404 da 504, kowacce tana da samfurinta na akori-kura. Injinsu ba shi da wani ɓoye-ɓoye: fistin huɗu, kafireta, distiributa, babu kwamfuta. Saboda haka bakaniken wancan lokaci da kunnensa yake aiki. Zai ɗora bakin doguwar sukudireba a jikin inji, ya manna mariƙinta a kunne, ya riƙa matsar da ita har ya kai inda bugun ya fi ƙarfi, yaransa na tsaye suna koyo.

Direba zai zo ya ce, "Oga, motar nan tana kuka in na taka totur." Ogan ba ya saurin ɗaukar sifana. Sai ya tambaya, "Tana tsaye ma tana yi, ko sai tana tafiya?" Wannan tambaya ita ce rabin gyara. In an cire giya an taka totur kukan ya fito, matsalar tana wajen inji. In kuwa sai mota ta ja kaya take yi, to galibi sai a leƙa ƙasa.

Amma a wajen inji ma akwai kukan da sai mota na ja yake fitowa, mai kama da tsakuwa a gwangwani, musamman a kan hawa da babbar giya. Alama ce ta mai yana kamawa ba a kan lokacinsa ba, ko don tayamin ya yi gaba, ko man ba shi da kyau, ko inji ya yi zafi. A 504 sai a sassauta distiributa a ɗan juya ta, a goge fulogi, a duba ruwan lagireto. Ƙara mai tsini kuwa fanbel ne ya saki. Fat-fat daga gefen inji, hayaƙi ne ke tsiyaya kafin ya kai salansa. Wanda ake tsoro shi ne bugu mai nauyi daga can ƙasa, yana ƙaruwa da totur: metal ya cinye, galibi don ƙarancin baƙin mai. Nan ogan zai ce, "Kashe ta!" Wanda ya yi taurin kai ya ƙarasa gida, sai dai a sauke inji.

Daga 1986 labari ya canja. Gwamnatin Babangida ta kawo tsarin tsuke bakin aljihu, naira ta faɗi, sabuwar mota ta gagari talaka. Sai aka koma ga 'yan Kwatano, Toyota Hilux ta samu shiga, kayan gyara kuma sai an je Ƙofar Ruwa a Kano. Don a mayar da kuɗi, aka shiga ƙara sifirin a baya ana lafta buhuna, ranar Juma'a a ɗora dabbobi zuwa kasuwar Wudil, fasinja a saman kaya. Sifirin ya ɗauki nauyin, amma furofela da aksul su suka biya bashin. Ƙwal ɗaya lokacin tashi, da karkarwa in an ɗauki gudu, mahaɗin furofela ne ya yi sako-sako, kuma bakanike na gane shi in ya shiga ƙarƙashi ya girgiza da hannu. Gurnanin da ke zuwa in an taka totur, ya ɓace in an ɗaga ƙafa, na aksul ne, sau da yawa don an manta da mansa. In gurnanin gudu yake bi, ko an taka ko ba a taka ba, a nemi boris na taya.

Sai kuma maganar mai. A Fabrairun 2022 an shigo da gurɓataccen fetur ƙasar nan, motoci da dama suka tafi gareji. Da aka janye tallafi a ranar 29 ga Mayu, 2023, tsada ta sa kowa na neman lodi ɗaya ya yi aikin biyu, ana kuma jan baƙin mai fiye da ƙa'ida.

Yanzu sababbin motoci sai an jona musu na'ura ta karanta matsala, kuma tana da amfaninta. Sai dai ba ta jin kukan aksul ko na furofela. Don haka, 'yan uwa direbobi, ku lura da kukan motarku: a wace giya, da kaya ko babu, da sanyin inji ko da zafinsa. Wannan bayani shi ke hana a sa ku sayen abin da bai lalace ba. Matasanmu masu koyon aiki kuma, ku koyi na'ura, amma ku zauna da tsofaffin ogogi tun suna raye. Allah Ya tsare hanya.